Ludayi Guda Kafin Gishiri

Labarin bai zo wa Balaraba da baki ba. A ƙulle ya zo, cikin tsumma.

Tana tsakar gidanta a Bukkuyum tana matsar man gyaɗa, hannuwanta duk tunkuza, sai ga Hajo mai kifi ta yi sallama. Hajo daga wajen Gummi take kawo banda duk mako, kuma hanyarta ta bi ta ƙofar gidan da Zinariya, ƙanwar Balaraba, take aure. Ta sauke kwando, ta sha ruwa, sannan ta zaro wani ƙulli daga ƙarƙashin kifin.

"Ƙanwarki tac ce in ba ki."

Balaraba ta goge hannu a zani ta kwance. Takalman roba ne shuɗɗa, waɗanda ita da kanta ta saya wa Zinariya da ƙaramar Salla. Ko diddigensu bai fara cinyewa ba.

"Mi tac ce?"

"Tac ce sun bar shiga."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Sai gaisuwa."

Balaraba ta juya takalman sama da ƙasa. Tun suna yara ƙafar Zinariya 'yar mitsitsiya ce, ita kuwa Balaraba tata kamar faifai. Ko yatsunta ba za su shiga takalman nan ba, kuma Zinariya ta san haka. Ashe ba kyauta ba ce. Shekara tara Zinariya na gidan miji ba ta taɓa aiko da kuka ba, don ba ta iya ba. Wannan shi ne iyakar ihun da take da shi.

Washegari Balaraba ta nemi izinin mijinta Nuhu, ta hau akori-kura zuwa Gummi, daga nan ta taka da ƙafa zuwa Tungar Baure a bakin fadama. Shekarar da aka canza launin kuɗi ce, an gama yankan shinkafa.

Gidan Dikko ake ce wa gidan. Dikko ya daɗe da rasuwa, amma gidan bai canza suna ba, bai kuma canza tukunya ba. 'Ya'yansa biyu, Manu da ƙanensa Namadi, gandu ɗaya suke noma, rumbu ɗaya, murhu ɗaya, tukunya ɗaya mai ciyar da baki goma sha huɗu. Binta matar Manu da Zinariya matar Namadi kwana bibbiyu suke girki. Amma gishiri ba na mai girki ba ne. Gishiri na Iya ne, uwar su Manu. A ɗakinta take ajiye shi cikin wata tsohuwar gora. In miya ta kusa nuna sai mai girki ta ɗaga murya ta ce, "A kira Iya, miya ta nuna." Iya ta fito da gorarta, ta zuba da hannunta, ta ɗanɗana, ta ce ta yi. A tungar nan duka, in za a yi wa 'yan'uwa faɗa su zauna lafiya, da gidan Dikko ake misali.

Balaraba ta iske Zinariya tsaye a gaban rabin ganga tana guma shinkafa, tana juya ta cikin tururi. Ba fuskarta ta fara duba ba, ƙafafun ta duba. Idon sawu babu shi, ya nutse. Daga yatsu har ƙwauri abu ɗaya ne santal, yana sheƙi kamar an shafa masa mai, yatsun sun yi cirko-cirko a gaba kamar daga baya aka manna su. Sai da ta ɗaga kai ta ga idanun, farinsu ya koma ruwan ɗorawa.

"Yaya! Ke da wa?"

"Ni da takalmanki."

Da suka shiga ɗaki Balaraba ta sa babban yatsa ta danna ƙwaurin. Da ta ɗauke, ramin ya tsaya, kamar an danna malmalar tuwo. Suka zauna su biyu suna kallonsa. Bai cika ba.

Zinariya ta ɗaga murfin wata kwalla ta ciro katin asibiti da ƙulle-ƙullen ƙwayoyi. Ta ce an kai ta. Maigidanta ya kai ta asibitin Gummi, daga nan aka tura su Sakkwato, aka ɗibi jini har sau uku.

"Likita yac ce ciwon hanta ne. Amma ba irin wanda a ka ɗauka ga wani ba, ba sammu ba, ba mayu ba. Wai jikina ne da kanshi ya ɗauki hantata baƙuwa, shina yaƙi da ita."

"Jikinki bai san hantarki ba? Shekara ashirin da bakwai suna gida ɗaya?"

Zinariya ta yi dariya har sai da ta riƙe haƙarƙari. "Haka nic ce ma likita. Yac ce a gida ɗaya ma ana yi."

Sai ta lissafo abin da aka ce ta yi. Ta sha ƙwaya kullum. Kada ta ci gishiri, kada ta ci kanwa, don ruwa gishiri yake bi, shi ne ya taru a ƙafafun. In ta samu sarari ta kwanta ta ɗaga ƙafa sama da ƙirjinta. Sista Janet ta asibitin Gummi ta ce mata ciwon ba ya warkewa, amma ana zama da shi shekara da shekaru in an kiyaye.

"To kina yi?"

"Ƙwaya ina sha."

"Sauran fa?"

Zinariya ta dubi ƙofa. Ta mai da katin cikin kwalla ta rufe.

Da la'asar sakaliya miya ta nuna, aka kira Iya. Ta fito da gorarta, tsohuwa mai tsabta, mai fara'a, ta yi wa Balaraba maraba har da tambayar yara ɗaya bayan ɗaya. Balaraba ta durƙusa ta gaishe ta, ba ta tashi ba.

"Iya, alfarma ni ka roƙo. Kafin ki sa gishiri, a ɗiba ma yarinyag ga ludayi guda a langa. Guda kurum. Likita yah hana ta."

Iya ta tsaya da gora a hannu. "Ludayi guda."

"Guda, Iya."

"Balaraba, kin san gidan Shitu, can gaban rijiya? Da ludayi guda anka fara. Matar ƙaraminsu tana ciwon ciki, anka ce a ɗiba mata kafin a sa tonka, wai yaji na damunta. Sai matar babban tac ce ita ma ɗanta bai son daudawa. Sai anka sawo 'yar tukunya. Sai anka aza murhu na biyu. Damina biyu ba ta cika ba sunka kira mai gari ya raba masu fadama da igiya. Yau ko jana'iza ba su tsayawa sahu ɗaya. Malam Dikko da zai cika, hannuna yar riƙe, yac ce kar in bari a raba tukunya."

"Ba raba tukunya ba ne, Iya. Magani ne."

"Kowa yar raba tukunya, da sunan wani abu yar raba ta."

Ta buɗe gora ta zuba, ta ƙara, ta juya, ta ɗanɗana a tafin hannu. "Ta yi."

Balaraba ta tari Namadi a zaure bayan ya dawo daga fadama. Mutum ne mai sanyi, ba ya duka, ba ya zagi. Ya saurare ta kansa a ƙasa yana kankare laka daga ƙafarsa da tsinke.

"Gaskiya ne, Yaya. Da kunnena nij ji likita."

"To?"

"Ki yi haƙuri. Iya ta tsuhwa. In nac ce a ɗiba ma matata, za a ce ni na fara. Ni ƙarami ne a gidan ga."

Manu yana gefe yana gyaran lauje, bai ɗaga kai ba ya sa baki. "Ni dai ban taɓa jin gishiri ya kashe mutum ba. Shanu ma in sunka rame, kanwa Hilani ka ba su. Likitocin ga in sunka rasa abin hwaɗi sai su hana ka abin da ka fi so. Ni da za su hana ni noma."

Ya yi dariya. Namadi ma ya ɗan yi, don yayansa ne.

Kwana na uku Balaraba ta yi abin da ta ga za ta iya. Ta aro 'yar tukunya wajen wata maƙwabciya, ta tsinto duwatsu uku, ta aza a bayan ɗakin Zinariya, jikin danga, inda ba mai wucewa. Ta sa kuka da ɗan kifi da albasa, babu gishiri, babu kanwa. Wutar kara ce, ba ta kai tafin hannu biyu ba. Amma hayaƙi ba ya neman izini, ya tashi ya bi ta kan danga.

Iya ba ta yi faɗa ba. Ta zagayo a hankali, hannu a baya, ta tsaya tana duban duwatsun kamar an nuna mata sabon kabari.

"Murhu biyu a gidan Dikko," in ji ta. "Ina da rai."

Ta sa gefen zaninta ta sauke 'yar tukunyar. Ta ɗauke duwatsun ɗaya bayan ɗaya ta jefa bayan danga. Sannan ta ɗauki miyar ta kai tsakar gida, ta juye ta cikin babbar tukunya, ta kankare da ludayi don kada ko ɗigo ya tafi a banza.

"Ba a zubar da abinci," ta ce. "Ga shi kowa ya samu albarkar baƙuwa."

Binta, wadda ranar girkinta ce, ba ta ɗaga ido daga tuƙin tuwo ba. Sai daga baya, a bakin rijiya, ta ce wa Balaraba ƙasa-ƙasa, "Wallahi Yaya da ni kaɗai ce, da na ɗiba mata. Amma in Iya tag gane, za a ce ni ka son a raba gida don mijina ne babba. Nan zan tsuhwa, ke kuwa jibi kin tahi."

Sai Balaraba ta ce wa Zinariya to ta bar miyar, ta ci gayan tuwo. Tuwon shinkafa ba shi da gishiri. Zinariya ta yi haka kwana biyu, tana tura shi da ruwa. A rana ta uku wata maƙwabciya ta shigo aron rariya ta gan ta, ta ce, "Af, Zinariya, gaya? Miya ta ƙare a gidan Dikko?" Kafin azahar maganar ta kai rijiya ta dawo.

Da aka raba tuwo, Iya da kanta ta ɗauko kwanon Zinariya. Ta zuba miya har ta rufe tuwon, ta tsamo tsokar kifi mafi girma ta ɗora a kai, ta zo ta zauna a gabanta.

"Ci, ɗiyata. So ki kai a ce muna hore ki da yunwa? Dubi yadda wuyanki yak koma. Ci ina gani."

Balaraba ta buɗe baki, Zinariya ta dafa mata gwiwa. Uwar miji ta kawo miki abinci da hannunta, ta zauna tana kallonki, ba ki da inda za ki kai ƙi. Ta ci. Ta side kwanon, don haka Iya ke so. Washegari da safe Iya ta ƙara da alheri, ta dama mata kunun kanwa mai kauri irin na mai jego, ta ce shi ke sa ƙarfi.

Ɗaga ƙafa kuwa sau ɗaya aka gwada a fili. Ɗakin Zinariya da rana kamar tanda yake, sai Balaraba ta shimfiɗa mata tabarma a inuwar rumbu, ta kwantar da turmi, ta ɗora mata ƙafafun a kai. Zinariya ta lumshe ido, ta ce, "Yaya, kamar an sauke mani kaya." Ba a yi tsawon dahuwar ƙwai ba Iya ta fito za ta alwala. Tafin ƙafafun nan biyu suna fuskantar ƙofar ɗakinta.

"Ikon Allah," ta ce. "Yau sarakkuwata ta miƙe mani ƙahwa. Saura in zo in matsa."

Zinariya ta sauke su da sauri har turmin ya mirgina. Ta tashi ta koma bakin ganga, don shinkafar da aka jiƙa tun jiya ba ta san ciwo ba.

Ranar kasuwar Gummi ta zo daidai da ranar komawa asibiti. Suka tafi su uku, Zinariya da Balaraba da Namadi, a amalanken shanu na wani maƙwabci. Sista Janet, wata gajeriyar mace daga kudancin Zariya wadda ta yi shekaru a Gummi, ta ɗora Zinariya a sikeli, ta dubi kati, ta sake duban sikelin. Ta danna ƙafar, ta danna cikin, ta juyo wajen Namadi.

"Malam, kai ne mijin?"

"Ni ne, Sista."

"Wannan nauyin da ta ƙara ba ƙiba ba ce, ruwa ne. Ya bar ƙafa ya fara hawa ciki. Ina ba ta ƙwayar da za ta fitar da ruwa, ku kuna ba ta abin da zai riƙe shi. Ni ina kwarfa, ku kuna zubawa. Tana cin gishiri?"

"Ɗan kaɗan, Sista. Na cikin miya kurum."

"Da a ina ake cin sa? A shayi?"

Matan da ke kan benci suka kwashe da dariya. Namadi ya sunkuyar da kai.

"Ba na ce ku sayi wani abu ba. Ba allura ba ce, ba tiyata ba ce. A ɗiba mata nata kafin a sa. Ka ji?"

"Na ji, Sista. In Allah ya so."

Da suka fito ya ce su jira shi a gindin wata bishiyar bedi, Iya ta ba shi saƙo. Ya shiga kasuwa ya dawo da ƙaramin buhu a kafaɗa, ya jefa cikin amalanke. Gishiri ne, na gida ya kusa ƙarewa. Wuri ya yi ƙunci, ga kayan maƙwabci, sai Balaraba ta jawo buhun ta ɗora ƙafafun Zinariya a kai. Daga Gummi har Tungar Baure ƙafafun nan suna sama, ba wanda ya ce ta miƙe masa ƙafa. Zinariya ta yi barci a hanya. Da suka iso, idon sawunta na hagu ya ɗan leƙo, ta nuna wa yayarta kamar an yi mata kyauta. Namadi ya zare buhun ya kai ɗakin Iya.

A rana ta tara Balaraba ta roƙi a ba ta Zinariya ta tafi da ita Bukkuyum jinya, ko wata biyu. Namadi ya ce sai abin da Iya ta ce. Iya ta ce ai ba a fidda mara lafiya daga gidan Dikko kamar an gaji da shi, duniya za ta zage su. Manu ya ce a bari a gama gumin shinkafa tukuna, hannu ya yi kaɗan. Iyayen su Balaraba sun rasu, sai kawunsu Dalhatu a Anka. Ta aika masa, ya aiko cewa matar mutane tana hannun mutane, kuma ya ji ba a dukanta, ba a hana ta abinci. Wannan gaskiya ne. Ba a hana ta abinci ba.

Nuhu kuma ya aiko a ce wa Balaraba gida ba kowa. Ta ɗaure kayanta. Zinariya ta rako ta har bakin zaure, tana jan ƙafa ɗaya bayan ɗaya kamar mai tafiya cikin laka.

"Ki bar takalman wurinki, Yaya. In ƙahwa ta sauka ni aiko a amso."

"Ki ce masu ba ki ci. Ki buɗe baki sau ɗaya a rayuwarki."

"Ba mugunta su kai ba, Yaya."

"Na sani. Shi ya sa ban san inda zan kama ba."

Bayan wannan, labari a bakin Hajo yake zuwa, mako-mako, tare da kifi. An gama gumi, an shiga sussuka. Zinariya ta daina ɗaura zani a ƙugu, sai a ƙirji. Wasu a tungar suna yi wa Iya barka, sun ɗauka ciki ne. Ta daina zuwa rijiya. Tana girki a zaune. Fatar ƙwaurinta ta tsage tana tsiyayar ruwa, an ɗaure da tsumma, ƙuda na bi. Iya ta sa an kawo sassaƙe daga wajen wani mai magani, ana dafa mata da jar kanwa. Ranar komawa asibiti ta wuce sau biyu, amalanke na kai shinkafa.

Duk ranar da Hajo ta tafi, Balaraba sai ta ce gobe za ta koma ta ɗauko ta ko da tsiya. Gobe ta yi, sai ga aikin gida, ga yara, ga kuma tunanin me za ta faɗa wanda ba ta faɗa ba. Wannan jinkirin ba ta taɓa ɗora wa kowa shi ba. Nata ne.

Sai bayan wata huɗu ta koma, ranar da Hajo ta sauke kwando ba ta sha ruwa ba, ta ce, "In kina son ki iske ta, ki tashi."

Ta iske ta kwance a ɗaki. Yanzu an yarda ta kwanta. An ma tara mata tsummoki a ƙarƙashin ƙafafun, sun yi sama da ƙirjinta, yadda Sista ta ce tun farko. Hannuwanta sun zama kara, cikin ya yi tulu, ƙafafun ba su da siffar ƙafa. Ba ta gane yayarta ba. Tana magana, amma ba da na ɗakin take yi ba. Tana juya hannu a iska, a hankali, zagaye bayan zagaye. Balaraba ta daɗe tana kallo kafin ta gane miya take juyawa.

Wajen la'asar ta buɗe ido tangaran, ta ɗaga murya yadda ba ta yi ba duk ranar.

"A kira Iya. Miya ta nuna."

Ba ta sake cewa komai ba. Kafin a kira magariba ta cika.

A zaman makoki gidan ya cika da mata. Iya ta yi kuka na gaskiya, har muryarta ta dushe. Duk wadda ta shigo gaisuwa sai ta riƙe mata hannu ta ce, "Yarinyar kirki. Ba ta taɓa ce mani a'a ba. Mu ma mun yi iyakar yinmu. Har ta koma ga Allah ba mu ware ta ba, abin da munka ci shi tac ci, tukunya ɗaya." Matan suka ce Allah ya saka, irin wannan riƙo sai gidan Dikko. Manu a zaure yana gaya wa maza an kai ta har Sakkwato, likitoci sun kasa. Namadi kuwa yana gefe yana kankare ƙafarsa da tsinke ko da yake ba laka.

Balaraba ba ta yi rigima ba. Ba ta taɓa cewa gishiri ne ya kashe Zinariya ba, kwana ne ya ƙare, kuma ciwon dama ba mai warkewa ba ne. Abin da ta sani kawai, an ce ana zama da shi shekara da shekaru, ƙanwarta ko shekara guda ba ta cika ba. Ba a doke ta ba, ba a zage ta ba. An nemi ludayi guda daga tukunyar mutum goma sha huɗu, gidan da ake misali da shi ya ce ba shi da shi.

Bayan shekara biyu, wata Laraba, Hajo ta sauke kwando ta sha ruwa, suna ciniki take ba da labarin tunga. Wane ya yi aure, rijiya ta rufta, Namadi ya sake aure. Iya kuma jiri ya kayar da ita a bakin murhu, aka kai ta Gummi, aka ce hawan jini ne.

"An hana ta gishiri," in ji Hajo, tana zaɓar kifi. "Yanzu Binta ka ɗiba mata nata a langa kafin a sa. Iya ka sa ma sauran da hannunta, ba ta ɗanɗanawa. Ta ma ji sauƙi, har rijiya ta ka zuwa."

Balaraba ta ajiye kifin da ke hannunta.

"Gidan ya rabu?"

"Wane gida?"

"Gidan Dikko. An raba gandu? An aza murhu na biyu?"

Hajo ta dube ta da mamaki. "Ya rabu a kan mi? A kan ludayi guda?"

Balaraba ta ce a'a, tambaya ce kawai. Ta ɗauki kifinta, ta raka Hajo bakin ƙofa, ta ce ta gaida gida.

Takalman suna nan cikin kwalla, ba a aiko amsa ba. Balaraba yanzu ta tsufa, lafiyarta ƙalau, ba likitan da ya hana ta komai. Amma kullum in miyarta ta nuna, kafin ta kai hannu ga gishiri, sai ta ɗebi ludayi guda ta zuba a 'yar langa ta rufe, ta ajiye a gefen murhu. Mutanen gidan sun saba, ba mai tambaya. In kowa ya ci ya tashi, sai ta jawo langar ta zauna, ta miƙe ƙafafunta duk inda suka ga dama.

Miyar ba ta da daɗi. Tana shanyewa.